Famfo Huɗu a Bashen Agali

Shekaranjiya na ga ɗayanku, ku makanikan yanzu, a tasha ya buɗe gaban mota, ya soka wata ƴar na'ura, ya tsaya yana kallon gilashinta kamar mai duba. Na'urar ta ce famfon mai ne. Ya cire famfo ya jefar, ya ɗaura sabo, ya wanke hannu da sabulu mai ƙanshi, sannan ya juyo ya ce min, "Baba, ai aikin nan yanzu ba wuya." To madalla. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Aji uku na yi, malaminmu da muke ce wa mushe ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Amma ɗan rubutun da na tsira da shi ya isa in ba ku labarin motar da ta ci famfo huɗu ba ta ƙoshi ba. Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa sauran.

A Damagaram na koyi aiki, hannun wani Babarbare, Maigida Bukar, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ban taɓa kile ba, wato ƙarfen kwance noti, sai wanke noti a cikin man gazuwal. Ranar da ya miƙo min kile goma da kile sha uku, ya ce duk abin da waɗannan biyun suka kasa kwancewa in kira guduma ta yi musu magana. Shi ya koya min in ɗora kan turnabis, wato sukurdireba, a jikin injin, in kafa kunne a gindinsa in ji abin da ke gudana ciki. Shi ya koya min cewa baki ma kayan aiki ne. Har yau in ka ɗiga min esansi, wato fetur, a harshe zan faɗa maka ko na famfon tasha ne, ko na kwalba ne da aka tsallako da shi aka haɗa da kananzir. Haƙoran da na rasa ba goro ne ya cinye su ba.

A saba'in da biyar na kafa rumfata a Tanut, bayan tasha. Kayana duka akwatin ƙarfe guda ne: kile takwas, fensa ta damƙar ƙarfe, turnabis biyu, guntun tiyo da tsumma. Masu zuwa wurina ƴan kasuwa ne, da direbobin hanyar Agadas, da masu yi wa dabbobi allura. Kowannensu in ya zo sai ya fara gaya min abin da ya lalace, kamar shi ne makanikin ni kuma na zo ganin gari.

Famfon wancan zamani ba ruwansa da lantarki. Wani ɗan tulu ne manne a jikin injin. A cikinsa akwai faifan roba, mambaran muke ce masa, yana sama yana ƙasa kamar zugazugin maƙeri, da ƴan ƙofofi biyu, ɗaya ta jawo mai daga tanki, ɗaya ta tura shi karbirata. Cutarsa uku ce da muka sani. Ko roba ta tsage, ko yashi ya tokare ƙofa, ko zafi ya dafa man a cikin tiyo ya zama iska. Wata rana a hanyar Gangara motar masu allura ta mutu da tsakar rana, maganinsu na neman lalacewa a cikin ƙanƙarar da ke narkewa. Direban ya kwance rabin injin ya baje a kan tabarma. Na zo, na jiƙa tsumma da ruwan salka, na naɗe famfon da shi, na ce ya mayar da kayansa inda ya same su. Ta tashi. Ya ce min, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, amma shekara bakwai na yi kafin in san inda ake ɗora tsumman.

Da wannan girman kai nake yawo har tamanin da huɗu ta zo. Waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu. Ruwa ya ƙi sauka, ciyawa ba ta fito ba, kasuwar Tanut ta cika da fatu har ba mai tayawa. Makiyaya suka yi kudu da abin da zai iya tafiya, wanda ba zai iya ba ya kwanta inda yake.

A cikin shekarar nan wani Ba'abzine mai suna Agali ya tsayar da mota a bakin rumfata. Bashe ce fara, ƙaramar motar kaya mai tamfol a baya. Ya sayar da raƙumansa ya saye ta, ya koyi tuƙi cikin wata biyu, irin tuƙin da in ka gan shi tafe sai ka hau tudu. Dalilinsa guda ne. Yana da sauran shanu a wata rijiya arewa da Tenhya, sun yi raunin da ba za su iya takawa kudu ba. Duk mako sai ya kai musu dusa da angurya daga Tanut. In abinci ya isa kan lokaci su rayu su ga damina, in ya makara a jawo gawar wasu bayan tudu. Tafiyar yini ɗaya ce a mota, amma shi kwana uku yake yi.

Ya sauko, ya gyara rawaninsa, ya ce, "Maƙeri, lafiya lau?" Su a wurinsu duk mai taɓa ƙarfe maƙeri ne, ko da jirgin sama yake gyarawa.

Na ce, "Lafiya lau, mai raƙumin ƙarfe. Me ya same ta?"

"Tana tafiya, tana tafiya, sai ta yi tari ta kwanta. In na roƙe ta ba ta tashi. In na bar ta rabin yini, sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Wata rana tun da hantsi, wata rana sai azahar. Ranar da aka yi lumshi ma har rijiya ta kai ni ba ta yi tari ba."

Na kunna ta, ta tashi ras. Na zaga gari da ita sau uku, ko atishawa ba ta yi ba. Na buɗe tanki na sansana, mai lafiyayye. Na wanke matatar mai, na busa karbirata. Na ce zafi ne, na koya masa dabarar tsumma. Bayan kwana biyar ya dawo, ya ce tsumma ya sha ruwan salka rabi bai yi komai ba, kuma shanu biyu sun tafi. Na cire famfon na ɗaura masa wani da na kwanto daga wata matacciyar mota. Ya dawo. Na sake ɗaura wani. Ya dawo, wannan karon da batir a mace, don ya yi ta murza makulli cikin yashi inda ba mai tura shi.

Daga nan ya wuce ni ya tafi Damagaram wurin wani Mushe Lawali, mai babban gareji da takardar shaida a rataye cikin gilashi. Mushe ya ɗaura masa famfo sabo fil daga kwali. Ta mutu a hanya. Ya koma, aka ɗaura wani sabon, aka ce wancan na jabu ne. Ta sake mutuwa. Famfo huɗu ke nan, shanunsa kuma daga ashirin da uku sun koma sha huɗu.

Ranar kasuwa ce Agali ya dawo rumfata, ya zauna a ƙasa. Sai ga Mushe Lawali da kansa, ya biyo ta Tanut zai wuce Agadas, da farar riga mai aljihu cike da alƙaluma. Ya ga motar ya gane ta. Mutanen tasha suka taru, don an san inda makanikai biyu suka haɗu ba a rasa abin kallo.

Ya ce, "Abokina, na faɗa maka tun can. Injin nan ya gaji. Ka kwance ta ka sayar da kayan, ka huta. Abin da ya gagare ni ba ƴan gindin bishiya ne za su gano shi ba."

Na ce, "Mushe, wannan ba bishiya ba ce, rumfa ce. Zana huɗu ce, ni na saya."

Aka yi dariya. Ya ce, "Ka taɓa buɗe littafin motar nan?"

"Na buɗe. Hotunan sun yi kyau. Kai ka taɓa shiga cikinta ka wuce Tanut ta arewa?"

"Me zan je yi?"

"Can take mutuwa. A gabanka da gabana lafiyarta lau. Ni da kai duk mun yi ta ba mai lafiya magani, mara lafiyar yana daji ba wanda ya je gaishe shi."

Ya ce in na gano abin da shi bai gano ba zai ba ni alƙalami ɗaya. Na ce ya riƙe, ba ni da aljihun saka shi. Na juya na ce wa Agali ya loda dusarsa, gobe da ni za a tafi, kuma ba mai kwance ko noti ɗaya a jikin motar nan ina numfashi.

Washegari bayan sallar asuba muka fita. A bakin gari ya tsaya ya cika tanki daga duro, ni kuma na tsallaka sayen goro, don ba na shiga daji da baki a bushe. Da na dawo ya riga ya sauke tamfol ya ɗaure ta ko'ina, buhuna sha biyu a ciki. Muka kama hanya. Na kafa kunne ina sauraron injin. Lafiya lau yake kaɗawa, har na fara jin tsoron kada ta ƙi mutuwa don ta gan ni.

Rana ta ɗaga, hantsi ya yi zafi. Muna cikin hawan wani tudu sai ta yi tari sau biyu, ta ja numfashi, ta yi shiru. Agali ya kalle ni ta saman rawani, ya ce, "Ga baƙuwarka, maƙeri."

Na sauka da murna. Na cire tiyon da ke shiga karbirata, na ce ya murza. Ko ɗigo. Na taɓa famfo, da ɗumi amma ba zafin da zai dafa mai ba. Na cire tiyon da ke zuwa daga tanki na kai baki zan tsotsa. Kafin in ja, tiyon ne ya ja ni. Ya kama min harshe kamar jinjiri, na ji wani ƙululu can daga bayan mota. Na ce lalle datti ne ya toshe hanya, yanzu ya kauce. Na busa, na tsotsa, esansi ya cika min baki. Na mayar, ta tashi nan take.

Na tofar, na ce, "Ka gani? Ƙazanta ce a tiyo. Je ka faɗa wa mai alƙaluma."

Ban gama cin goron yabon kaina ba, ko sa'a guda ba a yi ba, ta sake yin tari ta kwanta. Agali ya buɗe ƙofa. Ya sauka, ya tono gawayi, ya ɗora butar shayinsa a inuwar mota, yana kallon arewa.

Wannan karon na ce ba zan cire komai ba. Na kwanta a ƙarƙashin mota, yashi na gasa min baya, na bi tiyon da hannu taƙi bayan taƙi, daga injin zuwa baya, ina neman inda ya lanƙwashe. Babu. Na isa tanki na shafa cikinsa. Maimakon in ji shi a miƙe, sai na ji ya lotsa ciki, kamar kwiɓin saniyar da ta kwana uku ba ta sha ruwa ba. Tankin ƙarfe ne fa. Wani abu ne ke tsotse shi daga ciki, kuma ba kowa ba ne sai famfon da muke ta zargi. Yana ja da iyakar ƙarfinsa, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita.

Na fito na ɗaga gefen tamfol inda bakin tanki yake. A kan murfin akwai wata hula ta jar fata, da zane kore, har da ƴan tuntaye, an ɗaure wuyanta da tsirkiya. Ta bushe ta kama murfin kamar fatar ganga. Ƙusa ma ba za ta shiga tsakaninsu ba.

Na ce, "Agali, mene ne wannan?"

"Hularta ce."

"Na ga hula ce. Sanyi take ji?"

Ya taso da natsuwa, kamar mai yi wa yaro bayani. Ya ce tun ranar da ya sayi motar ya lura akwai ɗan rami a murfin, ƙanshin mai na fita ta nan. Abin da hanci ya ji kuwa ya bar tanki. Ga rana tana sha, ga yashi yana neman hanya. Shi bai taɓa tafiya da tandun man shanu baki a sake ba, balle man da ya sayar da raƙumi ya saya. Sai ya sa Tekna, matar maƙerin gidansu, ta ɗinka masa wannan. In zai shiga daji sai ya jiƙa ta ya ɗaura, rana ta busar da ita ta kama gam.

Nan na gane komai. Tana jiƙe iska na ratsawa, mota na tafiya. Ta bushe, numfashi ya ɗauke. Ranar lumshi ba ta bushe da wuri ba, shi ya sa ya kai rijiya. In ya zauna rabin yini, iska ta silale a hankali, mota ta tashi.

Na ce, "To don Allah me ya sa ban taɓa ganinta ba? Sau nawa na buɗe tankin nan!"

Ya gyara rawani har ya kusa rufe ido. Ya ce, "Kafin in shiga gari nake cirewa. Ku mutanen gari komai dariya kuke yi masa."

Na so in yi dariyar, amma na tuna shanu tara. Na ce a cire ta yanzu. Ya ce a'a. Ya ce famfo ne, kowa ya ce famfo ne, har mai takarda, yaya fata a waje za ta hana ƙarfe aiki a ciki? Na yi masa bayani da Hausa, na ƙara da ɗan Faransancin da na tsira da shi, bai motsa ba. Shayinsa kuwa ya tafasa. Na ɗauki butar na nuna masa ɗan ramin da ke kan murfinta.

"Wannan na mene ne?"

"Haka ake yin ta."

"Riƙe kofi."

Na danne murfin, na toshe ramin da babban yatsa, na karkata. Shayi ya zubo kaɗan, ya yi gardama, ya koma ɗigo. Yatsana na ƙuna amma na daure, don ban taɓa koyar da darasi mai kyau irin wannan ba. Na ɗaga yatsa, shayi ya taho zar har kumfa. Na toshe, ya tsaya. Na saki, ya zo. Agali ya karɓi butar ya gwada da kansa sau uku. Sannan ya ajiye ta, ya je ya kwance tsirkiyar da haƙori.

Da hular ta fita, tankin ya ja iska fuuu, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, sannan cikinsa ya buga ɓam ya koma daidai. Agali ya yi tsalle baya yana a'uziyya. Murzawa biyu ta tashi.

Na ciro ƙusa zan huda hular a mayar, don maganar yashi gaskiyarsa ce. Ya riƙe min hannu, ya ce aikin Tekna ba mai huda shi sai Tekna. Ya cusa ta a aljihu. Muka tafi da murfi tsirara, tudu bayan tudu, ba tari ba atishawa. Bai tsaya ba sai don azahar, kuma ko a nan bai yarda an kashe injin ba.

Da la'asar muka isa rijiyar. Ba wanda ya zaci ganinmu kafin jibi. Mata suka fito daga bukkokin tabarma suna kallon motar. Shanun na kwance a gindin wasu ƙayoyi marasa ganye, ƙasusuwa a waje. Agali bai gaisa da kowa ba sai da ya ƙirga su. Sha uku. Wata ja da ya yi ta ba ni labarinta a hanya ta tafi da safiyar ranar, lokacin da nake cika baki a kan datti a tiyo. Ya juyo ya ce a sauke buhu.

Aka jiƙa dusa da ruwa da ɗan kanwa a cikin akusa. Waɗanda suka iya miƙewa suka miƙe. Waɗanda suka kasa muka zura musu sanda ƙarƙashin ciki, mutum biyu a gefe, ɗaya a wutsiya, muka ɗaga. Ni da ban taɓa kiwon ko akuya ba, ranar na ɗaga saniya huɗu da hannun da ke warin esansi.

Bayan sun ci aka kira Tekna. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, hannunta baƙi da rini. Agali ya yi mata bayani da yarensu, ya nuna hula, ya nuna ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana da Hausar kasuwa.

"Kai ne ka ce aikina ya ɓata mota?"

Na ce, "Inna, aikinki ya yi kyau ne har ya wuce misali. Ko iska ba ta samu hanya ba."

"Ai don haka aka yi shi. Tun ina budurwa nake ɗinki, ba wanda ya taɓa cewa in yi masa abin da ke yoyo."

"Yau an ce."

Ta ce maƙeran gari ba su da kunya. Ta ciro basilla daga jakarta, ta juya hular tana neman inda ba zai ɓata zanen ba. Ta huda a ƙarƙashin tuntu, inda yashi ba zai faɗa kai tsaye ba, dabarar da ni ban yi tunaninta ba. Ta ɗaga ta ga rana ta leƙa, ta miƙa wa Agali ba ta kalle ni ba.

Daga wannan mako bashen nan ba ta ƙara kwana a hanya ba. Ran kasuwa ya loda, washegari kafin la'asar dusa na cikin akushi, da jar hularta a bayyane har tsakiyar tasha, wanda zai yi dariya ya yi. Ba duka suka kai ba, don yunwa ta riga ta yi wa wasu nisa. Amma da ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo, shanu goma ne suka taka da ƙafarsu suka bar rijiyar nan zuwa ciyawa.